Tsokar bayan damtse: turi mai nauyi, danna igiya, ko miƙawa ta bayan ƙeya?

Yawancin masu ɗaga ƙarfe ƙwanji suke bi, tsokar gaban damtse, domin ita ce ke tasowa a madubi idan an lanƙwasa hannu. Amma kaurin damtse a baya yake. Tsokar da ke bayansa ta fi ta gaba girma, fiye da rabin naman da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu nata ne, kuma ita ce ke cika hannun riga idan mutum yana tsaye ya saki hannuwansa. Ita ce kuma wurin da mata da yawa ke kuka da shi idan sun ɗaga hannu suka ga yana reto.

Atisayen da ake yi mata sun yi yawa, kowane mai horarwa da nasa, kuma mai zuwa gidan motsa jiki kwana biyu ko uku a mako ba zai iya yin su duka ba. Dole ya zaɓa. Ni a ganina abu biyu sun wadatar: turi ɗaya mai nauyi, da miƙawa ɗaya wadda ake yi hannu yana sama da kai. Sauran ƙari ne, wasu masu amfani, wasu kuma sunansu ya fi aikinsu. Dalilin yana cikin yadda aka halicci tsokar.

Rassa uku gare ta, kuma duka ukun suna haɗuwa a jijiya ɗaya da ke manne da ƙashin nan mai tsini na gwiwar hannu. Reshen waje da reshen ciki daga ƙashin damtse suke tasowa, don haka aikinsu ɗaya ne tak, miƙe gwiwar hannu. Na wajen shi ne ke fitowa a gefe idan mutum ya ɗaure hannunsa, na cikin kuwa yana ɓoye ƙarƙashin 'yan uwansa. Na ukun, dogon reshe, shi ne daban. Ya tsallake gaɓar kafaɗa ya je ya kama allon kafaɗa, saboda haka gaɓa biyu yake yi wa aiki: yana miƙe gwiwar hannu, yana kuma taimakawa wajen jawo damtse ƙasa da baya. Idan hannu yana saki a gefen jiki, dogon reshe a takure yake. Idan an ɗaga hannu sama da kai, sai ya miƙe ya yi tsawo. Duk bambancin atisayen da ke ƙasa a kan wannan reshen yake juyawa.

Turi mai nauyi: benci ko nutso

Turin benci da matsattsen riƙo shi ne wanda ya fi ba mutum damar loda ƙarfe. Ka kwanta a benci, ka riƙe sandar da faɗin kafaɗunka, ka sauko da ita zuwa ƙasan ƙirji gwiwoyin hannu na kusa da haƙarƙari, ka tura. Matsattse ba yana nufin hannuwa su haɗu ba. Masu haɗa manyan yatsu a tsakiyar sanda wuyan hannunsu suke azabtarwa, kuma ba su ƙara wa tsokar komai ba sai rage nauyin da za su iya ɗauka. Faɗin kafaɗa ya isa.

Daɗin wannan atisaye shi ne ci gabansa a fili yake. Sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce ta maza, 15 ta mata, kuma za ka iya ƙara ƙaramin faifai kowane gefe duk bayan mako ɗaya ko biyu na tsawon watanni. Ƙirji da gaban kafaɗa ma suna samun rabonsu. Wanda burinsa ƙarfin turi ne, ɗan dambe ko ɗan kokawa ko mai son bencinsa ya hau, a nan zai fi zuba ƙarfinsa. Sai dai yana buƙatar benci mai madogara da kuma wanda zai tsaya maka a kai. Sanda ta taɓa danne mutane a wuya har lahira, kuma yawanci su kaɗai suke lokacin.

Nutso tsakanin sanduna biyu, wanda 'yan gidan ƙarfe ke kira dif, shi ne abokin takararsa. Ka dafe sandunan, jikinka na rataye, ka sauka ka taso. Nauyin jikinka ne kayan aikin, don haka mai kilo 80 tun ranar farko kusan kilo 80 yake turawa. Wannan alheri ne ga mai ƙarfi, shamaki ne ga sabon shiga da mai jiki. Idan ana son aikin ya fi komawa bayan damtse, jiki ya tsaya a miƙe, kada a sunkuya gaba sosai, domin sunkuyawa ƙirji take miƙa wa aikin. A sauka har damtse ya yi daidai da ƙasa, a tsaya nan. Wuce wannan iyaka yana jan gaban kafaɗa zuwa inda ba ta so, kuma wasu samari na jin zafi a tsakiyar ƙashin ƙirji idan sun zurfafa.

Akwai ƙanensa da ake yi a gefen benci ko kujera, hannuwa a baya, ƙafafu a gaba. Ana yawan ba sababbi shi don yana da sauƙi. Ba na son sa. Hannu a bayan jiki ya riga ya murɗe kafaɗa tun kafin a fara sauka, kuma nauyin da tsokar ke samu bai taka kara ya karya ba. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Tsakanin benci da nutso, kafaɗarka ce alƙali. Idan kana iya nutso sau takwas zuwa goma a tsabtace ba tare da jin tsini a gaban kafaɗa ba, ka riƙe shi, ba ya buƙatar mai tsaro, kuma idan ya yi sauƙi sai ka rataya faifai a ƙugu. Idan kafaɗa na ƙorafi, ko jikinka ya fi ƙarfin hannunka a yanzu, benci ne naka, domin shi ana iya farawa da sanda tsura.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Duk turin nan biyu ba sa cin dogon reshe yadda ake zato, musamman benci. Lokacin da kake tura sanda daga ƙirji, gwiwar hannu tana miƙewa, wanda ke gajarta reshen, a daidai lokacin da damtse ke tafiya gaba, wanda ke tsawaita shi. Kamar igiyar guga ce da wani ke ja ta nan wani na saki ta can, tsawonta bai canja ba. Bugu da ƙari, idan dogon reshe ya ɗaure da ƙarfi, damtsen zai ja baya, wato ya yi faɗa da turin da kake yi, don haka jiki ba ya kiran sa sosai. Wani bincike da aka yi a Brazil aka wallafa a 2020 ya kwatanta masu turin benci da masu miƙa gwiwar hannu a kwance, ya ga benci ya fi gina reshen waje, dogon reshe kuwa sai a wurin waɗanda suka yi miƙawar. Shi ya sa za ka ga mai benci da nauyi sosai amma bayan damtsensa kusa da hammata fayau.

Miƙawa: hannu a ƙasa ko hannu a sama

A nan ne zaɓin ya fi muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Danna igiya ƙasa shi ne sarkin farin jini. Ka tsaya gaban na'urar igiya, wadda idan an ja igiyarta nauyi ke tashi, gwiwoyin hannu a manne da jiki, ka danna sanda ko igiya har hannu ya miƙe. Yana da sauƙin koyo, ba ya wahalar da kafaɗa, gwiwar hannu ma ba ta cika kuka da shi ba, kuma yana sa tsokar ta kumbura nan take, abin da ke sa mutum ya ji ya yi aiki. Laifinsa biyu ne. Na farko, yana gayyatar ha'inci: da an ƙara nauyi sai ka ga mutum ya hau kan sandar da ƙirjinsa, gwiwoyi sun buɗe, ya mayar da abin turi. Na biyu, hannu a ƙasa yake, don haka dogon reshe yana aiki ne a takure daga farko har ƙarshe.

Miƙawa ta bayan ƙeya kishiyarsa ce. Damtse a sama kusa da kunne, nauyi ya sauka bayan kai, sannan a miƙe hannu. Ana yi da igiya, mutum ya juya wa na'urar baya, ana yi da dambel ɗaya, wato gajeren ƙarfen nan mai nauyi a kai biyu, a hannu biyu, ana kuma yi da hannu ɗaiɗai.

An gwada su biyun kai da kai. Sumiaki Maeo da abokan aikinsa a Jami'ar Ritsumeikan ta ƙasar Japan sun ɗauki mutum 21, kowannensu ya horar da hannu ɗaya da igiya a sama da kai, ɗaya hannun kuma da igiya a ƙasa, sau biyu a mako, tsawon mako 12. Tsarin ya yi kyau domin mutum ɗaya ne ke ɗauke da hannuwan biyu, abinci ɗaya, barci ɗaya, jini ɗaya, don haka ba a ce wai wannan ya fi wancan gado ba. Da aka auna da na'urar hoton MRI, dogon reshe ya ƙaru da kashi 28.5 cikin 100 a hannun da ya yi ta sama, kashi 19.6 a wanda ya yi ta ƙasa. Tsokar gaba ɗaya kuwa kashi 19.9 ne da 13.9. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauran rassan biyu, waɗanda ba su tsallake kafaɗa ba, su ma sun fi girma a hannun da ke sama. Kuma duk wannan da nauyin da bai kai na ɗaya hannun ba, domin mutum ba ya iya ɗaukar abin da yake dannawa ƙasa idan ya koma ta bayan ƙeya.

Bincike ɗaya ne, a kan mutanen da ba tsofaffin 'yan ƙarfe ba, don haka ba aya ba ce. Kuma a lura, hannun da ya danna ƙasa ma ya girma sosai, ba a banza ya yi ba. Amma sakamakon ya dace da abin da aka gani a wasu tsokoki, cewa horar da tsoka lokacin da take miƙe da tsawonta ya fi gina ta. Idan lokacinka na atisaye ɗaya ne kawai, na sama ya fi riba.

Yana da nasa farashin. Wanda kafaɗarsa ta sandare ba zai iya kai damtse kusa da kunne ba sai ya gantsare baya, kuma gantsarewar nan da nauyi a sama ƙugu ke biyan ta. Maganinta a zauna a benci mai jingina, ko a yi da igiya ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, jiki ya ɗan karkata gaba. Jijiyar gwiwar hannu ma tana shan ja a ƙasan motsin, shi ya sa ba a fara shi da sanyin jiki, ba a kuma sakin nauyi ya faɗa bayan kai da gudu. Tsakanin igiya da dambel, igiya ta fi, domin janta ba ya yankewa, dambel kuwa da hannu ya miƙe sama sai nauyin ya zauna a kan ƙashi tsokar ta huta. Amma bambancin bai kai a fasa don babu na'ura ba.

Fasa-goshi yana tsakiyarsu. Ka kwanta a benci, damtse na kallon sama, ka lanƙwasa gwiwar hannu sanda ta sauko wajen goshi. Ya fi na bayan ƙeya ɗaukar nauyi, kuma yana miƙa dogon reshe fiye da danna igiya. Shi ne kuma ya fi kowanne suna wajen cin gwiwar hannu, musamman idan ana yi da miƙaƙƙiyar sanda ana tsayar da ita daidai goshi. Gyara biyu ke sauya shi: a yi da sandar nan mai lanƙwasa ko dambel biyu tafuka na kallon juna, sannan a bar damtse ya ɗan kwanta baya, sandar ta wuce goshi ta sauka bayan kai. A haka nauyi ya ragu a kan gaɓar, reshen ya ƙara miƙewa, fuska kuma ta tsira. Wanda ya yi shi haka kusan ya yi miƙawa ta bayan ƙeya ne a kwance, kuma ga mai taurin kafaɗa wannan ne mafita.

Sai harbin baya, inda ake sunkuyawa a miƙa ƙaramin dambel zuwa baya. Ya samu suna ne a wani ɓangare saboda gwajin da aka yi a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse a Amurka a 2011, inda aka manna wa mata 15 na'urar auna wutar tsoka, harbin baya da nutso suka zo kusa da sama. Amma ƙarfin siginar da tsoka ke bayarwa a lokacin motsi ba shi ne girman da za ta yi bayan wata uku ba. A harbin baya, farkon motsin babu nauyi ko kaɗan, dambel ɗin rataye kawai yake, wahalar duka tana ƙarshe inda tsokar ta fi gajarta, kuma da wuya a ƙara nauyi ba tare da an fara wurga hannu ba. A bar shi can ƙarshen layi.

Wanda ya zo na ɗaya a wannan gwajin shi ne firesof, wato a kifa a ƙasa a riƙa tura jiki sama da hannuwa, irin wanda ake haɗa yatsu su yi kusurwa uku a ƙarƙashin ƙirji. Shi kam yana da amfani na gaske, domin turi ne, ba ya cin ko sisi, kuma mai rauni zai iya farawa gwiwoyi a ƙasa ko hannuwa a kan tebur. Idan wuyan hannu ya yi zafi, a ɗan raba hannuwan.

Batun matse wurin

Mata da yawa, da wasu mazan, ba girma suke nema ba, so suke wurin ya daina reto ya ɗaure. Sai a ba su dambel mai kilo ɗaya a ce su yi sau talatin, wai nauyi kaɗan ne ke matse jiki, mai yawa kuma kumbura shi yake yi. Babu wannan rabe-raben a jikin ɗan Adam. Ɗaurarren damtse abu biyu ne suka haɗu: tsokar ta ɗan ƙaru, kitsen da ke kanta ya ragu. Atisayen da ke gina ta wa namiji shi ne ke gina ta wa mace, sai dai mace ba ta da yawan sinadarin da ke sa tsokar maza kumbura, don haka tsoron wayar gari da damtsen ɗan dambe ba shi da tushe.

Kitsen kuma ba ya narkewa daga wurin da ake motsawa. A wani bincike na 2007 an sa mutum 104 sun horar da hannu ɗaya kawai na mako 12, da aka duba da MRI ba a ga kitsen hannun da ya yi aiki ya ragu fiye da na ɗayan ba. Jiki daga ko'ina yake cire kitse, kuma abinci da yawan motsi ne ke tafiyar da wannan. Wadda ta sauke ƙiba mai yawa ko shekaru suka ja, wani ɓangaren abin da ke reto fata ce, tsoka za ta cike wani abu daga ciki amma ba duka ba.

Nauyi kaɗan yana gina tsoka, da sharaɗin a ci gaba har hannu ya kusa gazawa. Idan kin yi sau ashirin kina hira, kuma kina jin za ki iya ƙara ashirin, dambel ɗin ya yi miki kaɗan.

Wa zai ɗauki wanne

Mai zuwa gidan motsa jiki da kayan aiki cikakku: benci mai matsattsen riƙo ko nutso, zubi uku, kowane zubi sau 6 zuwa 10, sai miƙawa ta bayan ƙeya da igiya, zubi uku, sau 10 zuwa 15. Kwana biyu a mako, da hutun kwana biyu ko uku a tsakani. Idan dama kana turin benci da turin kafaɗa a cikin makon, ka riga ka biya kuɗin turi, miƙawar kawai ta rage maka. Danna igiya ƙasa yana da gurbi a nan: zubi ɗaya ko biyu marasa nauyi kafin a fara, don gwiwar hannu ta yi ɗumi.

Mai gwiwar hannu mai ƙorafi ya juya lissafin. Ya fara da danna igiya, ya guji fasa-goshi, ya shigo da na bayan ƙeya a hankali da nauyi kaɗan da maimaici mai yawa. Zafin tsoka da ke zuwa washegari ya wuce bayan kwana biyu ba komai ba ne. Zafi mai tsini a kan ƙashin gwiwar hannu, ko kumburi, ko mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi, wannan na likita ne, ba a danne shi da man zafi a ci gaba.

Mai yi a gida kuwa, ko a irin wuraren unguwa da ake zuba siminti a gwangwani a soka sanda, turinsa firesof ne mai matsattsen hannu, idan ya yi sauƙi ya ɗora ƙafafu a kan kujera ko ya goya jaka mai nauyi. Miƙawarsa kuma da duk abin da hannu biyu za su riƙe da kyau a bayan kai. Jarka mai lita 5 cike da ruwa kilo 5 ce, kuma ta fi ƙarfen siminti wani abu guda: ana iya rage ruwan a riƙa ƙara rabin lita har ta cika, alhali gwangwanin siminti yadda aka zuba shi haka zai mutu. Duk abin da za a ɗaga sama da kai a tabbatar murfinsa ko maƙalarsa ba za ta kwance ba.

Tsokar ba za ta ƙaru da iska ba. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai ga mai ɗaga ƙarfe shi ne kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 70 yana neman wajen giram 110. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka ba a kan ƙwai kaɗai za a dogara ba. Wake, awara, nono, kifi, gyaɗa da ɗan nama idan an rarraba su a cikin yini suna kai mutum ba sai ya sayi garin furotin na gwangwani ba. Ka rubuta nauyin da ka ɗauka da sau nawa ka yi. Ranar da ka kai sau 15 a duka zubi uku na miƙawa ba tare da gantsarewa ba, mako mai zuwa ka ƙara nauyi kaɗan ka koma sau 10.